Kotun da Aka Kwashe wa Benci

Tun da na'ura ta hau kujerar alƙali aka kwashe bencin kotu, don ba mai daɗewa. Lantana ta raka mahaifinta shari'ar gonarsa. Bai gama sallama ba takarda ta fito: gona ta tafi.

Doka ta ce in lauya ya miƙe, dole na'urar ta saurare shi har ya gama. Amma wa ke karatun lauya yanzu? Lantana ta ce ita za ta yi.

"Shekara shida fa, Lantana," in ji uban. "Riƙe ɗinkinki. Wa ke jayayya da ƙarfe?"

"Ni, Baba. Ko sallamarka ba ta amsa ba."

Washegari ta cike takardar makaranta, ta sayo masa kujera.

"Ajiye, Baba. Ranar da zan yi magana, za ka daɗe a zaune."