Fim ɗin Ban Kwana da Baba

Tun kafin Sakatariya ta zauna, Almakashi ya riga ya kwafe faifan da ta kawo zuwa wuri biyu. Dokarsa ta farko ke nan, kuma ba ya barin kowa ya fita daga shagonsa bai ji ta ba: hoton da ke wuri ɗaya, a ɗauka babu shi.

Shekara goma sha biyu yana tace bidiyo. Sunan Almakashi ya samo shi ne saboda ba ya tausayin hoto. Duk abin da ba shi da aiki a fim, ƙasa yake yi.

"Malam, fim ɗin ban kwana muke so," in ji Sakatariya. "Baba zai yi ritaya. Shekara talatin da biyar, shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tashi. Sai dai ba ya son kamara, sai ka yi haƙuri ka tsinto shi. In aikin ya yi kyau, duk bidiyon ma'aikatarmu kai za a riƙa ba."

"Ranki ya daɗe, ki bar min kawai."

Ta so ta ƙara wani bayani, amma ya riga ya shiga koya mata yadda ake sa wa fayil suna: kwanan wata, sannan wuri, sannan abin da ke ciki, ba wai "sabo" da "sabo na gaske" ba. Ta duba agogo, ta yi sallama.

Dokarsa ta biyu: kalli komai kafin ka yanka komai. Kwana uku ya yi yana kallon hotunan shekara takwas, tun daga ranar da ma'aikatar ta sayi kamara. Nan da nan ya gane gwarzonsa: wani ƙaƙƙarfan mutum mai kwat da ƙaton agogo, yana yanka ƙyalle, yana miƙa kofi, yana jawabi, yana sake jawabi. Almakashi ya kwashe da dariya shi kaɗai. Wai wannan ne ba ya son kamara! Lallai ma'aikata sun iya rufa wa shugabansu asiri.

Matsala ɗaya ce. A kusan kowane hoto akwai wani siririn tsoho mai tarin makullai a ƙugu. Ana tsakiyar jawabi, sai ya gitta da kujera. Ana ɗaukar hoton manya, sai ga shi a gefe yana gyara wayar lasifika. A wani wurin ma gwiwar hannunsa ce kawai, amma tana nan.

Almakashi ya naɗe hannun riga. Inda tsohon yake gefe, ya matso da hoton ya bar shi a waje. Inda ya gitta, ya rufe wurin da hoton masu tafi. Inda ya tsaya ƙyam a bayan mai kwat, sai da ya zagaye shi, hoto bayan hoto, ya liƙa bango a madadinsa. Har ƙarar makullan ya bi ya tsame daga sauti.

A rana ta tara, matarsa ta kawo masa abincin rana, ta tsaya tana kallon allon.

"Wai bawan Allahn nan me ya yi maka ne?"

"Yana ɗauke hankalin mai kallo. Ido wuri ɗaya ake ba shi."

"Ni dai shi kaɗai na ga yana aiki a ciki."

"Shi ya sa ba ke ce edita ba," ya ce, bai ko waiwayo ba.

Akwai kuma batun zuwa da wuri. A duk hotunan, mai kwat sai jama'a sun gaji da zama yake shigowa. Wannan bai gagari Almakashi ba. Ya ɗauko shigowarsa ya sa a farko, ya bi ta da hoton kujeru babu kowa, ya gyara launi ya koma na sanyin safiya. Duk wanda ya kalla zai rantse mutumin nan shi ke buɗe ƙofa. Sai da ya kammala yanke-yanken tukuna ya sa kiɗa, ya daidaita sauti, ya fitar da fim ɗin, ya kalle shi a waya da talabijin kamar yadda ƙa'ida ta ce. Minti goma sha ɗaya, babu ko tabo.

Ranar taron, da azahar, ya zauna a bayan ɗakin kusa da majigi. Mai kwat yana sahun gaba. Da fim ya ƙare, shi ya fara miƙewa yana tafi, har da share ƙwalla. Ganin haka sai kowa ya miƙe, aka yi ta tafi ana satar kallon juna. Almakashi ya sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, yana tunanin sabuwar kwamfutar da zai buƙata in aiki ya fara yawa.

Sai ga Sakatariya tana ratso kujeru, fuskarta babu annuri, riƙe da hannun wani mutum cikin sababbin kaya. Almakashi ya san kunnen nan, ya san gwiwar hannun nan, ya fi sanin su da na kansa.

Tsohon ya kama hannunsa da hannu biyu yana murmushi. "Sannu da ƙoƙari, ɗana. Idona ne ya yi rauni, daga nesa ba na gani sosai. Na dai fito da kyau ko?"

"Malam," in ji Sakatariya a hankali, "ga Baba."