Filin Kyaftin Garzali

"Baba, filin kawai nake so ka nuna mini," na ce wa Baba Luka. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ƙwallo ta Damisar Gyadi-Gyadi.

Tun ina ƙarami ake gaya mini kakana Garzali ne kyaftin ɗinsu na farko. Da na dawo daga karatu a Malesiya, na yi niyyar gyara filin in sa masa sunansa.

Tsohon ya tare mana adaidaita zuwa Tarauni. A ƙofar gidanmu ya ce a tsaya.

"Baba, nan ai gidanmu ne."

"Na sani. Da hannunmu muka sare ƙayar wurin nan. Da mai unguwa ya ba mu, muka ce a sa sunan kyaftin a takardar filin, don shi muka fi yarda da shi. Ranar da za mu je wasa Zariya ya ce ƙafarsa na ciwo, bai bi mu ba. Muka dawo muka tarar ana haƙa harsashin gini."

Ya leƙa tsakar gida, ya nuna ƙarafan nan biyu da Inna take ɗaura wa igiyar shanya.

"A tsakaninsu nake tsayawa, ɗana. Ni ne gola."