Nauyin Bayan Mota

Tayoyin baya suna ta juyawa a wuri ɗaya, motar kuwa maimakon ta hau kwanar sai zamewa take a hankali wajen bakin kwazazzabo. Khiem ya danne birki, ya ja na hannu, ya zauna yana zufa cikin sanyin da ya daskarar da ruwan gefen hanya.

Daga birnin Hanoi ya taso da matarsa Loan, don an ce dusar ƙanƙara ta sauka a duwatsun bayan garin Sa Pa. Haka mutanen birni suke, da sun ji labari sai su kwaso mota su zo kallon abin da ke kashe wa mutane dabbobi. Takalmin ofis ne a ƙafarsa. Ba igiya, ba shebur, ba bargo. Motar ma ba tasa ba ce, sabuwar a-kori-kura ce ta yayan Loan, wanda bai ba da makulli ba sai da ya yi dogon gargaɗi.

Loan ta tuna masa da wannan gargaɗin, sau biyu. Ta kuma nuna masa sawun ƙananan motocin da suka wuce su a gindin dutse, ga shi nan ya haye kwanar lafiya lau, ta ce to shi me ya same shi?

Ana cikin haka sai aka ƙwanƙwasa gilashi. Wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, cikin baƙaƙen kayan mutanen dutse, da kwando a baya da tsintsiya a hammata. Sunanta Sua, gidanta na saman hanyar. Ta dubi tayoyin, ta dubi takalminsa, ta yi tsaki.

"Wa ya ba ka mota, ɗana?"

Ya ce shekararsa ashirin yana tuƙi. Ta ce ta ga alama.

Ya tambayi yadda ƙananan motoci suka haye. Ta ce wannan tsakaninsu da sa'arsu ne, shi dai gaba ba tasa ba ce, can sama ƙanƙarar ta fi nan, kuma kwazazzabon ya fi zurfi. Ya juya ya sauka tun da sauran rana. Amma kada ya kuskura ya gangara da bayan mota wayam, don ba nauyi a kan tayoyin, kwanar farko bayan zai wulwulo ya riga gaban isa ƙasa.

Loan ta leƙa ramin, ta rufe ido, ta ce a yi duk abin da Kaka ta ce.

Khiem ya ce a loda duwatsu. Tsohuwa ta ce ya je ya ciro, duk sun manne da ƙasa. Ya gwada ɗaya, ya bar fatar yatsa a jiki. Ya ce to itace fa? Ta ce a wannan sanyin wanda ya taɓa itacen wani ya nemi faɗa. Ta yi kamar mai tunani, sannan ta ce akwai abu ɗaya, amma ba ta so, don ba ta yarda da tuƙinsa ba.

Sai da ya roƙe ta, Loan ta riƙe mata hannu, kafin ta kira maƙwabta biyu. Suka fito da maraƙin ɓauna irin ta gida da ake kiwo a can, an naɗe shi da buhuna, yana ɗingishi yana rawar sanyi. An riga an ɗaura masa igiya, katakon hawa ma yana jingine a bakin hanya. Khiem bai lura da wannan ba, hankalinsa na kan fentin motar.

Aka tura maraƙin sama, aka ɗaure. Sua ta nannaɗe tayoyin baya da igiya, ta zazzage tokar da ke kwandonta a ƙarƙashinsu don su kama ƙasa, ta tsaya tana ba da umarni har motar ta juya. Sannan ta buɗe ƙofar gaba, ta kori Loan zuwa kujerar baya, ta zauna. Ta ce dabbarta ba za ta bi baƙo ita kaɗai ba.

Gangaren ya ci awa biyu. Giya ɗaya kawai ta yarje masa. Da ƙafarsa ta nufi birki sai ta ɗaka masa duka a gwiwa. Ta kuma sa ya tuɓe kwat ɗinsa aka lulluɓa wa maraƙin, wai idan nauyin ya mutu a hanya laifinsa ne. Khiem ya yi ta karkarwar sanyi, amma motar ba ta sake zamewa ko sau ɗaya ba.

A kwari babu ƙanƙara, ciyawa kore shar. Ta sa shi ya bar kwalta ya bi wata 'yar hanya har bakin rumfar da mutanen ƙauyenta suka sauko da garkensu kwana uku da suka wuce, gudun sanyi. Kafin a sauke maraƙin wata babbar ɓauna ta tsinke igiya ta nufo motar tana kuka. Yana taka ƙasa ya kama nono.

Khiem ya zagaya motar, ko ƙwarzane babu sai kashin maraƙi. Ya rusuna wa tsohuwar har sau uku.

"Kaka, kin ceci rayukanmu, kin ceci aurena."

Ta ce ya je ya sayi takalmin kirki.

Surukarta Pang ta fito daga rumfa da kofin shayi, ta tambaye ta da yaren dutse yadda aka yi maraƙin da ba ya iya tafiya ya iso, ita da ta riga ta fid da rai. Sua ta kurɓi shayi ta amsa, Khiem kuwa da ba ya jin yaren ya ɗauka yabonsa ake, ya sake rusunawa.

"Tun safe nake barbaɗa wa motoci toka a kwanar suna hayewa, guda tara, duk ba wadda za ta ɗauki maraƙi. Da na hango mai buɗaɗɗen baya tana tahowa, sai na share tokar."