Kunnen Hagu

Akwai mutumin da ya fasa wa yaro kunne a Matameye saboda kalmar Hausa guda ɗaya, kuma har yau ana durƙusa masa a gaishe shi. Ba a taɓa kai shi gaban kowa ba.

A shekarar da gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, soja na mulki, Isufu malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda ake kira Mushe kamar kowane malamin Faransanci, ya tashi neman inda zai yi karatun dakta. Ya nemi Dakar, ya nemi Abijan, har wata jami'a a Kanada. Abin da yake son ya bincika shi ne yadda mutum ke koyon yaren da ba na uwarsa ba. Ya ce yare a cikin mutane ake ɗaukarsa, a kasuwa da tasha da wajen wasa, ba a bakin bulala ba. Hujjarsa 'yan cirani ne, waɗanda ke dawowa daga Ikko da Yarbanci a baki alhali ba wanda ya taɓa dukansu a kai.

Yana da labari guda da yake bayarwa a kowace majalisa. A lakwal akwai sambal, muƙamuƙin jaki da aka ɗaura wa igiya. Yaron da ya yi Hausa maimakon Faransanci a rataya masa, shi kuma ya yi ta farautar wani da zai sauke wa. Wanda aka tashi yana wuyansa, jikinsa ya gaya masa. Wata rana wani yaro ɗan ƙauyen Kurni da ƙishirwa ta kama ya ce "ruwa". Wani malami ya zabga masa mari, jini ya biyo kunnen hagu, yaron bai sake dawowa ba.

Isufu ba ya faɗin sunan malamin. Ba a ma tambaya. Kowa ya san Alhaji Garba, tsohon daraktan lakwal, ba ya wasa da hannu. In an ambace shi, Isufu sai ya dubi tafinsa, mutane su ce kunya ce da ladabi.

Dakar ta amsa, ta ce ya iso kafin a buɗe karatu. Saura izinin fita ƙasa, shi kuma sai daga ofishin kumandan mai mulkin gari.

Ranar da ya je, ana rabon jar dawa ta taimako a ƙofar ofishin. Mata da ƙwarya, tsofaffi da buhu, ana turmutsitsi a bayan kamiyo, babbar motar kaya, sojoji na dukan duk wanda ya wuce layi. An fasa wa wata tsohuwa goshi tana tsintar ƙwayar da ta zube. Isufu ya ratsa da farar rigarsa, takardunsa a hammata.

Mai tsaron ƙofar wani sarjan ne da aka turo daga Zinder, Ɗanjuma. Ba ya yawan magana, kuma in ana yi masa sai ya karkato da kai ta dama. Isufu ya yi masa bayani da Faransanci mai tsabta. Sarjan ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ja shi bayan sito.

Da bel ɗin soja ya fara. Isufu ya ce, "Wayyo, ka yi wa Allah."

"Hausa ka yi, Mushe," in ji sarjan, ya ƙara.

Duk kalmar Hausa da ta kuɓuce masa, bel ya sauka. Ya nemi Faransancin da yake taƙama da shi, ya tarar tsoro ya kwashe shi kakaf. Rigar ta yage, baya ya tsage, haƙori ya faɗi cikin ƙasa. Rana ta take, maƙogwaronsa ya bushe, ya ɗaga kai ya ce, "Ruwa."

Sarjan ya ajiye bel. Ya shimfiɗa tafi, ya sauke shi sau ɗaya a kunnen hagu. Isufu ya ji wani abu ya fashe a cikin kansa, sai ɗumi a wuya.

Abin da ya ɗaure wa mutanen layi kai shi ne, sarjan da kansa ya shiga ciki, ya fito da izinin an buga hatimi, ya cusa masa a aljihu. Ya sunkuya ta kunnen dama ya ce, "Tafi ka zama dakta. Ka gaya musu yadda muka koya."

Isufu bai kai ƙara ba. Da 'yan'uwa suka matsa, ya ce zamanin soja ne, wa zai kai ƙarar wa. Ya tafi, ya yi karatunsa, ya dawo Dakta. Yau ɗalibai na durƙusa masa, yana karkato musu kai ta dama. Alhaji Garba kuwa yara na nuna shi a ɓoye, suna cewa ga mai fasa kunne.

To, ku ji. A shekarar da ɗan Kurni ya ce "ruwa", Alhaji Garba yana kwance asibitin Zinder da karyayyar ƙafa, ajin yana hannun sabon malami. Sunan yaron Ɗanjuma, sunan malamin Isufu, kuma duk wanda ya ce ƙarya nake, ya je ya tsaya ta hagun Dakta ya faɗa masa haka, in ga ko zai waiwayo.