Rufaffiya ko Buɗaɗɗiya

Tsohon ya daɗe yana shafa ƙofar jar motar da tafin hannu kafin ya ce komai. Kofin da mai sayar da motocin, Sjoerd Hoekstra, ya zuba masa ya huce a kan tebur, ko biskit ɗin bai taɓa ba.

Motoci biyu ne suka tsaya masa a rai, dukkansu masu kujera biyu, masu gudun tsiya. Jar buɗaɗɗiya ce, rufinta na tamfol ne da ake naɗewa baya. Baƙar kuwa rufinta ƙarfe ne, a rufe ruf. Sunansa Wiersma, ya ce, rayuwarsa duk a jirgin ruwa ya yi ta, bai daɗe da dawowa yankin Friesland na ƙasar Holan ba. A bas ya zo. Kwat ɗin jikinsa ta yi masa yawa, kamar wanda ya tashi daga doguwar jinya.

Sjoerd ya san aikinsa. Ya yabi buɗaɗɗiyar, ya kawo zancen rani da iska da hanyar bakin teku. Wiersma ya gyaɗa kai, ya ce 'yarsa ma irinta take so, tun tana ƙarama. Sjoerd ya ce ai shi ke nan, zaɓi ya ƙare. Tsohon bai yi dariya ba.

Bai tambayi ƙarfin inji ba, bai tambayi shan mai ba. Ya dubi kogin da ke bayan shagon ta taga, ya ce, "In mota ta faɗa ruwa, wacce aka fi saurin fita daga cikinta?"

Ba baƙuwar tambaya ba ce a ƙasar da kowace hanya ke bin gefen ruwa. Sjoerd ya amsa ba tare da ya yi tunani ba. A buɗaɗɗiya, ya ce, ruwan da kansa zai ɗago ka, muddin bel ɗin kujera bai maƙale ba. Sanyin ne ke kashe yatsu, sai mutum ya kasa danna maɓallin. Rufaffiya kuwa, da zarar wuta ta ɗauke, gilas ba ya sauka, ƙofa ba ta buɗuwa.

"Ka san abin sosai, samari."

"Sana'a ce, yallaɓai," in ji Sjoerd, yana gyara hannun rigarsa.

Wiersma ya buɗe baƙar, ya leƙa. Tsakanin kujerun akwai 'yar gudumar fasa gilas. Ya ciro ta, ya juya ta a hannu, ya tambayi amfaninta kamar bai sani ba, sannan ya ajiye ta kusa da kofin. Ya ce baƙar zai ɗauka, amma yana so ya ɗan zaga da ita tukuna.

A hirar da suka yi Sjoerd yana neman makulli ne abin ya fara damunsa. Tsohon ya sayar da gidansa. Karensa ya bai wa maƙwabciya. Likita ya ba shi ranar komawa asibiti, ya ce ba ya jin zai je. Duk wannan cikin sanyin murya ya faɗe shi, kamar mai ba da labarin ruwan sama.

Yawanci Sjoerd makulli yake miƙa wa mai saye, ya koma kujerarsa. Yau ya dubi tsohon, ya dubi kogin, ya ji ba zai iya barinsa ya fita shi kaɗai ba. Mutum ba ya yi wa kansa illa da wani a gefensa. Ya ɗauki rigar sanyinsa ya ce zai raka shi.

"Ka kyauta," in ji Wiersma. A karon farko ya yi murmushi.

Tsohon ne ya kama sitiyari. Ya fita daga gari a hankali, yana ba masu keke hanya. Sjoerd ya yi ta jansa da hira, ya tambaye shi labarin jiragen ruwa, ya tambaye shi ko 'yar tasa a kusa take zaune. Tsohon ya ce kusa ƙwarai.

A mararraba Sjoerd ya nuna dama, wajen babban titi. Wiersma ya karya hagu, ya hau siririyar hanyar da ke kan madatsar ruwa, ruwa a gefe guda, shanu a ɗayan. Sjoerd ya ce wannan hanyar ba ta da kyau, a juya. Shekaru ke nan rabon Sjoerd da ita. Ko gidan mahaifiyarsa zai je, zagaye yake yi.

Tsohon ya ƙara giya. Itatuwa suka fara wucewa da sauri. Sjoerd ya ji ƙarar makullin ƙofofi, ya ja hannun tasa ƙofar, ba ta motsa ba. Ya ce a rage gudu, akwai kwana mai kaifi a gaba. Wiersma ya ce ya san da ita.

Can gaba kwanar ta bayyana, da turken da aka ɗaure wa sababbin furanni na tunawa da mamaci, da baƙin ruwa kwance a bayansa. Sjoerd ya juyo ya dubi fuskar tsohon sosai, ya ga idanun da ya taɓa sani a wata fuskar.

Wiersma ya take totur har ƙasa, bai ko ɗaga murya ba.

"A nan ka fice daga buɗaɗɗiya ka bar Hiske ɗaure da bel, ka ce wa 'yan sanda ita ke tuƙi. Ni ne ubanta, samari, shi ya sa na zaɓi rufaffiya."