Motar Suruka a Hanyar Mahalla

Midhat bai ga tudun ba. Mai motar da ke gabansa ma bai gani ba sai da ya iso kansa, ya danna birki har ƙasa, shi kuwa Midhat ya shige masa ta baya, gwaram!

Irin tudun simintin nan ne da ake wayar gari a tarar wani ya gina a tsakiyar kwalta don rage gudu. Ba fenti, ba alama, launinsa ɗaya da titin. Tsakanin garuruwan Tanta da Mahalla irinsu sun fi bishiyoyi yawa, kuma ba mai tambayar wa ya sa su.

Ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba: fitila ɗaya ta fashe, gaba ya ɗan lotsa. Sai dai motar ba ta Midhat ba ce, ta surukarsa ce, Hajiya I'itimad, wadda ta tafi Umra ta bar makulli da sharaɗin a riƙa ɗumama injin kawai. Ranar Alhamis za ta sauka. A benenta yake zaune da matarsa, kuma tun ranar ɗaurin aure take neman dalilin da za ta watso masa kaya ta taga. 

Mai motar gaba ya fito yana gyara tabarau. Dakta Shukri ne, mai kantin magani, irin mutanen nan da ke biyan cikakkiyar inshora suna addu'ar ranar da za su more ta.

"Kada wanda ya taɓa komai!" in ji shi. "'Yan sanda za su zo su rubuta rahoto, kamfani ya biya ni."

Rahoto kuwa sunan mai mota yake ɗauka, kuma ƙofar mai mota yake zuwa. A ransa Midhat ya hango Hajiya tsaye da sammaci a hannu ɗaya, jarkar zamzam a ɗayan.

"Dakta, don girman Allah, mu gama a nan."

"Ka kai roƙonka wurin wanda ya ba ka lasisi. Ko a gadon gida ka same shi?"

Kafin ka ce kwabo jama'a sun taru, kowa ya zama alƙali. Masu tuƙin baya suna ta oda, mai tallan lemo yana rantsuwa ya ga komai alhali ya juya baya lokacin. Ana cikin haka taron ya dare, wani dattijo ya ratso, farar jallabiya, carbi a hannu.

"Ku yi wa Annabi salati," ya ce a hankali. Aka yi, don ba yadda za a ci gaba da zagi da salati a baki.

Alhaji Bayyumi ke nan, kowa a wurin ya san shi. Ya kama hannuwan Midhat da Dakta ya ja su inuwar mai shayi, inda kujeru uku ke jere, shayi ya iso tun kafin su zauna. Ya koma ya shafa lotsawar motocin da tafin hannu, idonsa a rufe, kamar mai duba zazzaɓin jikansa.

"Inshora, Dakta? Ɗana, ka taɓa ganin wanda ya karɓa da ƙuruciyarsa? Yau ka kwana a caji ofis. Gobe su ce hoton bai fito ba. Jibi mai sa hannu ya tafi jana'izar kakarsa, karo na uku. Motarka tana ajiye, kyanwoyi suna haihuwa a ciki."

Aka kwashe da dariya. Dakta ya fara sanyi.

"Kai kuma," ya juyo kan Midhat, "wannan fuskar ta mai aron mota ce. Ta wa ce?"

"Ta surukata ce, Alhaji."

Taron gaba ɗaya ya yi salati na biyu, wannan karon ba wanda ya sa su. Har Dakta sai da ya girgiza kai don tausayi.

"Tashi ka sumbaci kan yayanka," in ji Alhaji. Midhat ya yi wuf ya manna baki a sanƙon Dakta. Wanda aka sumbaci kansa a bainar jama'a kuwa ba shi da sauran bakin kiran ɗan sanda, sai ya zama marar mutunci. Aka tsayar da magana: Midhat zai ɗauki gyaran motocin biyu.

"Akwai wani gareji a kwanar can, na makanike Usta Gabir," Alhaji ya ce yana yatsina fuska. "Ba ya burge ni, amma hannunsa na da kyau. Kuma ku lura, fentin motar Hajiya ba fari ba ne, ruwan madara ne, kada ya cuce ku."

Shi ya raka su da kansa. Da Gabir ya faɗi kuɗin aiki, Alhaji ya daka masa tsawa, ya kira shi ɓarawon zaune, ya sa ya rage. Abin da ya saura ma ya haɗiye albashin Midhat na wata, amma an yi alkawarin mota ranar Laraba, sumul. Hawaye suka cika masa ido. Ya kama hannun dattijon yana ta sumbata.

"Alhaji, Allah ne ya jefo ka wurin nan."

"Ni kullum ina nan, ɗana. Jeka, Allah ya rufa asiri."

Sai da a-daidaita-sahun da ta ɗauki mutanen biyu ta ɓace, sannan Alhaji Bayyumi ya shige can ƙuryar garejin, ya tuɓe farar jallabiyar ya rataye a ƙusarta, ya zauna a kujerar mai gida.

"Motoci biyu kacal tun safe, Baba," in ji Gabir.

"Ai na faɗa maka tudun nan namu ya fara cinyewa. Gobe da asuba ka kwaɓa siminti mu ƙara masa tsayi."