Abin da Yaya Ya Shafa wa Furosesa

Kwana uku da haɗa kwamfutata ta fara mutuwa da kanta, ga wani ƙarni yana fitowa ta bayanta. Saura mako guda jarrabawar shiga jami'a, kuma duk tambayoyin da nake bita suna cikinta.

Na kwance fankar da ke sanyaya furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Furosesar da na yi wata biyu ina bincike kafin na zaɓo a Tudun Wada tana kwance cikin rawayen maiƙo, 'ya'yan kyankyaso sun mutu a ciki.

"Yaya, ina farin man sanyayawar da na ba ka ka shafa?"

"Ɓata ya yi, sai na lakato man shanun Inna." Ko ɗago kai daga wayarsa bai yi ba. "Ke dai goge ki sa sabo, akwai saura a kicin."